Malam Maman Barka, mawaƙin Tasker mai gurmi da biram

Masu saurarenmu na gida da 'yan uwa na ƙetare, da yawanku kun san muryar Malam Maman Barka tun zamanin kaset. Ga tarihinsa a taƙaice.

An haife shi a Tasker, arewa maso gabashin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950, cikin Tubawa makiyaya. Ya yi lakwal, ya zama mushe, ya koyar da yara shekaru kafin kiɗa ya ɗauke shi. Da gurmi mai tsarkiya biyu ya yi suna a Nijar da arewacin Najeriya. Waƙoƙinsa shi ke tsara abinsa, da Hausa, da Tubanci, da Barbarci.

Amma abin da ya fitar da shi duniya biram ne. Wannan abin kiɗa ne na Buduma, masunta da makiyayan tafkin Chadi. Tsarkiyarsa biyar, gangar jikinsa kamar kwalekwale, kuma masu shi ba su ɗauke shi abin wasa ba, suna girmama shi. Lokacin da Malam ya neme shi, tsoho guda aka sani ya rage da ya iya kaɗa shi sosai, wato Bukar Tar. A 2002, da tallafin UNESCO, Malam ya tafi bakin tafki ya zauna gaban tsohon nan. Mutum mai suna, mai kaset a kasuwa, ya koma ɗalibi! Mu dai a ganinmu wannan zaman ya fi duk wani wasan da ya yi a Turai daraja. Ya koyi kiɗan, ya koyi waƙoƙin da harshen Buduma, har tsohon ya miƙa masa nasa biram ɗin. Daga baya Bukar Tar ya rasu.

A 2008 ya kaɗa biram a bikin WOMAD na Ingila tare da makaɗinsa Umaru Adamu, a 2009 kuma faifansa mai suna Introducing Mamane Barka ya fito.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018. Allah ya jiƙansa. Kafin nan, a 2015, rikicin Boko Haram ya sa an kwashe mutane daga tsibiran tafkin na ɓangaren Nijar, Buduma suka watsu cikin jihar Diffa. In akwai wanda ya san mai kaɗa biram a yau, ko yake da tsohon kaset ɗin Malam a ajiye, ya sanar da mu a gidan rediyo.