Bakolori da Ambaliyar da Aka Karya wa Lago

Duk lokacin da Afrilu ya zagayo, maganar madatsar ruwa ta Bakolori takan koma kan ranar 28 ga watan a 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, wasu ƙididdigar kuwa sun haura 380, kuma hankali ya fi kwanciya da bakin waɗanda suka binne 'yan'uwansu. Sai dai rikicin ya rufe wata asarar da ta fi shi daɗewa, wato mutuwar ambaliyar Gulbin Sakkwato.

Don gane yadda ambaliya ke mutuwa, a dubi garaya: makaɗinta ya san in ya danne tsirkiya daga ƙarshenta, amonta zai mutu. Masana lissafi sun daɗe suna bin diddigin wannan. A 1993 Irena Lasiecka da Daniel Tataru suka tabbatar cewa ko igiya mai murɗaɗɗiyar tafiya, lissafinta yana da amsa, kuma in ana zuƙe ƙarfinta daga gefe dole ta lafa, da sauri ko a hankali gwargwadon zuƙar. Ruwan kogi yana da nasa lissafin, wanda Bafaranshe Saint-Venant ya tsara a 1871. Ambaliya ma igiya ce mai gangarawa, madatsa kuwa ita ce yatsan da ke danne ta.

Inda aka saɓa shi ne yawan dannewar. Rahoton hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 1969 ya ba da shawarar a bi sannu, kada a hargitsa noman da aka tarar. Aka bar wannan hanya, kamfanin Impresit na Italiya ya gina katafariyar madatsa mai cin ruwa kubik mita miliyan 450, ya kammala a 1978. Ruwa ya cinye gonaki a wajen Maradun, aka yanka magudanai a ƙasar Talata Mafara da Bakura. Binciken William Adams ya nuna abin da ya biyo baya a gangare: ambaliya ta daina kai wa fadamun da ta saba shafewa, shinkafa ta ja baya, manoma suka koma gero da dawa, masunta suka ga kamu ya ragu.

Masu kare aikin suna cewa ambaliya tana rushe gidaje, kuma noman rani ya samu. Gaskiya ne, amma shekaru da dama magudanan sun cushe, injinan feshi sun lalace, kafin a zo gyara. Lissafi ya iya faɗin yadda igiya za ta lafa. Bai san cewa ruwan da ke kwana a fadama, ya bar laka mai taki, shi ne rumbun talaka ba. Wannan sai a bakin manomi, shi kuwa ba a tambaye shi ba.