Holm: Unguwar Masunta Mai Maƙabarta a Tsakiya

Holm tsohuwar unguwar masunta ce a birnin Schleswig, a arewacin Jamus. Tana bakin Schlei, wani siririn reshe na Tekun Baltik da ya kutsa cikin ƙasa sama da kilomita 40. A da tsibiri ne, sai a shekarar 1933 aka haɗe shi da gari. Tun 1480 Sarki Christian na Ɗaya na Denmark ya ba masuntan Schleswig takardar haƙƙin kamun kifi a Schlei, kuma yankin ya zauna ƙarƙashin sarautar Denmark har zuwa yaƙin 1864.

Abin da ya bambanta Holm da sauran garuruwan masunta shi ne tsarinta. Maƙabarta ce a tsakiyar unguwar, bishiyoyi sun yi mata zobe, ƙananan gidaje kuma sun zagaye ta suna fuskantarta. A 1876 aka gina ɗan ɗakin ibadar da ke cikinta.

Tushen wannan zama tare da matattu yana cikin bala'in ƙarni na 17. Yaƙin Shekara Talatin ya ƙare a 1648, annoba ta ci mutane, talaka kuwa bai da tabbacin samun mai kai shi makwanci. A 1650 mutanen Holm suka kafa ƙungiyar jana'iza mai suna Holmer Beliebung. Kowa yana biyan ɗan abin da aka yanka masa. In ɗan ƙungiya ya rasu, maƙwabta ne za su ɗauki gawarsa su binne ta cikin mutunci. Matar da ta rasa miji ba ta buƙatar bin gida-gida tana roƙo.

Takardun haƙƙi da na ƙungiyoyi sun fi ambaton maza, alhali a da mata ne ke riƙe da unguwar idan jiragen ruwa sun fita. Su ke ɗinke koma, su gyara kifi, su kai shi kasuwa, su yi reno. Gidaje da dama suna da ƙofa mai ɓangare biyu: a buɗe na sama, a bar na ƙasa a rufe. Mace sai ta jingina a kai tana hira da maƙwabciya, kabarin mijinta ko ɗanta yana 'yan taku kaɗan daga gabanta. A irin wannan wuri takaba ba ta ɓuya, kuma da wuya a yi ta cikin kaɗaici.

A gefen unguwar an yi wasu matan masu rayuwa dabam, a gidan zuhudu na St. Johannis, wanda aka kafa a ƙarshen ƙarni na 12, daga baya ya koma mazaunin 'ya'yan manya da ba su yi aure ba.

Yau masunta kaɗan suka rage a Holm, 'yan yawon buɗe ido sun fi su yawa. Ƙungiyar jana'izar tana nan, tana kula da maƙabartar, tana kuma yin bikinta kowace shekara a farkon lokacin zafi.