Karatu da murya: yadda bakin yaro ke sakewa a kan rubutu

Ana cewa bakin yaro ya saki a karatu idan yana karanta jimla daidai, ba ya cijewa a kowane harafi, yana numfasawa inda aya take, yana ɗaga murya inda tambaya take. Masana ilimi suna auna wannan da yawan kalmomin da yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Dalilin damuwa da shi a fili yake: yaron da ke haɗa baƙi da wasali da ƙyar, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Ya karanta, amma bai san abin da ya karanta ba.

A Nijar matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ƴan ajin CM2 ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba. An samu ci gaba a binciken 2019, sai dai mafi yawansu har lokacin suna ƙasa da matakin.

Karatu da murya iri biyu ne. Na farko, babba ya karanta wa yaro, yana bin layin da yatsa. Daga nan yaro ke jin yadda rubutu ke komawa magana, ya kuma tsinci kalmomin da ba a faɗa a hirar gida. Na biyu, yaro ya karanta wa wanda ya iya, shi kuma yana saurare yana gyara masa. Wannan shi ya fi sakin baki, musamman idan aka maimaita gajeren labari ɗaya sau uku ko huɗu. Wani masani Ba'amurke, S. Jay Samuels, ya bayyana wannan hanya ta maimaitawa a 1979, kuma wani kwamitin binciken karatu na Amurka ya tabbatar da amfaninta a rahotonsa na 2000.

Amma akwai abin da ke kama da karatu, alhali hadda ce. A ajin CI mai yara tamanin, malam ya faɗi jimlar da ke kan allo, yara su amsa baki ɗaya, da ƙarfi, har maƙwabta na ji. Da yawansu idonsu ma ba ya kan allon. Gane haka ba wuya: a nuna wa yaro kalma ɗaya daga tsakiyar jimla, ko a fara daga ƙarshe. Idan ya yi shiru, kunnensa ne ya riƙe, ba idonsa ba.

Harshen da ake karatun da shi ma yana da tasiri. A Faransanci sauti ɗaya kan zo da rubutu iri-iri, kamar o da au da eau, ga haruffan da ba a furtawa, ga shi yaron bai ji harshen ba tukuna. A rubutun Hausa na boko kusan kowane harafi da sautinsa. Wannan na cikin dalilan buɗe makarantar gwaji ta farko da ke koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kafin dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa. Sai dai rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Kalmar "gari" na iya zama garin Tawa, na iya zama garin tuwo. Sai yaro ya furta ta mai saurare zai san ko ya gane jimlar.

A gida ba a buƙatar tarin littattafai. Minti goma bayan magariba sun isa, da littafin makaranta ko tatsuniyar da yayansa ya rubuta masa a takarda. Idan ya cije a kalma, a ɗan jira, kada a yi saurin faɗa masa, kada kuma a tsawata. Uwar da ba ta yi boko ba ita ma tana da aiki: idan ya gama, ta ce ya ba ta labarin da bakinsa.