Mu da Gana a Filin Ƙwallo: 1973 da 2022

A Fabrairun 1973, a Legas, Gana na cin Najeriya 3-2 sai 'yan kallo suka kama ruwan duwatsu. Wasa ya watse, aka ƙone motar baƙi, FIFA ta ba Gana nasara. Iyayenmu a nan Kafanchan ta rediyo suka ji.

Na 29 ga Maris 2022 kam da idonmu muka gani a gidajen kallo. Aka tashi 1-1 a Abuja, Gana ta samu gurbin Kofin Duniya, matasa suka afka fili suna fashe-fashe. Abin kunya, wallahi. Cikin 'yan wasan da aka raka da jifa har da Mohammed Kudus, ɗan Nima ta Accra, unguwar da ake ciniki da Hausa kamar tamu.