Zaman So ko Zaman Dole: Sake Duban Ra'in Zuba Jari na Rusbult

Tsakure

Maƙalar nan ta waiwayi ra'o'in masana halayyar ɗan Adam kan abin da ke sa mutum ya ƙulla niyyar ci gaba da zama da masoyinsa ko abokin aurensa, wato abin da a nan aka kira ƙudurin zama. Matsayinta shi ne ra'in Caryl Rusbult ya auna abubuwa biyu mabambanta da mudu ɗaya, kuma binciken da ake yawan kafa masa hujja da shi ne ya fi tona wannan rauni.

Waiwaye

Tushen maganar yana wajen Thibaut da Kelley (1959), waɗanda suka ce mutum kan gwada abin da yake samu a zama da abin da yake ganin zai samu in ya fita. Levinger (1965) ya ƙara da batun shingayen da ke hana fita. Sternberg (1986) ya sa ƙuduri cikin kusurwoyin soyayya uku, sai dai bayaninsa siffantawa ce kawai, ba za a tsaya a kansa ba.

Da Rusbult ake ja. A 1980 ta ce ƙudurin zama yana tsaye kan duwatsun murhu uku: gamsuwar mutum da zaman, ƙarancin mafita mai kyau a waje, da yawan jarin da ya zuba, kamar shekaru, dukiya, 'ya'ya da sirrin da aka ba juna. Ba a raina nasarar ra'in ba. Le da Agnew (2003) sun tattara bincike 52 da ya ƙunshi mutum 11,582, suka samu cewa abubuwan nan uku sun bayyana kusan kashi biyu cikin uku na bambancin ƙuduri tsakanin mutane. Amma a wajen Rusbult ƙudurin abu ɗaya ne, ko daga ina ya ɓullo. Michael Johnson bai yarda ba. Ya raba shi gida uku: ina son in zauna, ya kamata in zauna, dole in zauna. Stanley da Markman (1992) ma sun bambanta sadaukar da kai daga ɗaurin da ke hana tafiya.

Dabarar Bincike

Ba a tattara sababbin bayanai ba. An karanta ayyukan da aka ambata, ana duba yadda kowanne ya auna ƙuduri da irin mutanen da ya auna.

Sakamako

A 1995 Rusbult da Martz suka nazarci hirarrakin da aka yi da mata lokacin karɓarsu a wani gidan mafaka na matan da mazansu ke duka, a Amurka. Ƙudurin zama ya fi ƙarfi a wajen matan da ba su da madogarar kuɗi, da waɗanda suka zuba jari mai yawa, misali waɗanda igiyar aure ke kansu, da waɗanda dukan da suka sha bai kai na wasu tsanani ba. Wannan ƙuduri kuma ya bambanta matan da suka koma ɗakunansu da fitarsu daga mafakar da waɗanda ba su koma ba. Magoya bayan ra'in suna kallon wannan a matsayin babbar shaida, tunda hasashe ya yi daidai har a inda daɗin zama ya ƙare.

Hasashen ya yi daidai, amma me aka auna? Matar da ta koma wa mai dukanta saboda ba ta da ko sisin shiga mota, da ɗalibar jami'a da ke ɗokin ranar ɗaurin aurenta, ra'in ya ɗora su kan sikeli ɗaya ya raɗa wa abin da ke zukatansu suna ɗaya. Marubutan da kansu sun kira halin matan mafakar dogaron da ba na son rai ba. To in ba son rai, me ya rage na ƙuduri? Bahaushe bai taɓa haɗa su ba. Yana da zaman so, yana da zaman haƙuri, yana da zaman 'ya'ya, kuma matar da aka yi bikonta bayan yaji ta san wanne ta koma yi.

Johnson, Caughlin da Huston (1999) sun gwada rabon uku a kan ma'auratan da suka shekara 13 da aure. Sassan uku ba su da dangantaka mai ƙarfi da juna, kuma tambayoyin da ke auna ƙuduri a dunƙule sun fi kamo ɓangaren so. Ke nan ma'aunin da ke kamo so a wajen masu zaman lafiya, tilas yake kamowa a mafaka, alhali lambar da yake fitarwa iri ɗaya ce. Abin lura, wannan Johnson ɗin ne a 1995 ya rarrabe nau'o'in duka tsakanin ma'aurata, ya ware na mallakewa da tsoratarwa daga rikicin da ke tashi a kan saɓani. Wanda ya daɗe yana nazarin matan da ke son fita suka rasa ƙofa, da wuya ya kira zamansu ƙuduri.

Iyakar Bincike

Dole a faɗa, maƙalar ta dogara ne kan abin da wasu suka tattara, mafi yawansa daga Amurka, kuma kaso mai yawa daga ɗaliban jami'a da ba su yi aure ba. Matan mafaka ɗaya ba su wakilci dukan matan aure ba. Haka nan sakamakon Rusbult da Martz na 1995 ya nuna gamsuwa na da ɗan tasiri ko a can, abin da ya ɗan rage kaifin wannan suka, kuma a fagen hasashen wanda zai rabu da wanda zai zauna, rabon Johnson bai tara hujjojin da suka kai na Rusbult yawa ba.