Maguzawa da Masu Mulki a Ƙasar Kano: Tarihin Haƙuri da Rashinsa, Ƙarni na 14 Zuwa na 20

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyukan Gwarzo da Rogo da Ƙaraye, ko kuwa na Malumfashi da Ƙafur, ya san akwai Hausawa waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa, ba su da wata ƙasa sai wannan, amma ba su yin salla. Su ne Maguzawa, waɗanda a wajen Gobir da Maraɗi ake kiran 'yan'uwansu Azna ko Anna. Manoma ne masu bautar iskoki, kowane gida da kan gidansa da irin dabbar da yake yanka masa.

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun yadda sarakuna da malamai suka zauna da waɗannan mutane, da sauran ƙananan ƙungiyoyin addini, musamman a ƙasar Kano. Abin da nake so in nuna shi ne, shari'ar da malamanmu suka karanta ta tanadar wa Bamaguje matsuguni, ko da yake ƙasƙantacce ne. Matsi mai tsanani yakan taso ne sa'ad da mai mulki ya buƙaci nasarar yaƙi, ko bayi, ko yawan mabiya, sa'an nan ya jingina buƙatar tasa ga addini.

2.0 Daga Tsumburbura Zuwa Dirki

Babban madogararmu a nan shi ne littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908, kuma shekarun sarautar da za a ambata nasa ne. Wajibi ne mu tuna cewa wani malami Musulmi ne ya rubuta littafin a ƙarshen ƙarni na 19, watau muryar wanda ya yi rinjaye muke ji a cikinsa. Duk da haka bai ɓoye kome ba game da yadda gwagwarmayar ta kasance.

Littafin ya fara ne da Barbushe, babban matsafin dutsen Dala, da itaciyar Tsumburbura wadda aka kewaye da bango, ake yanka mata baƙaƙen dabbobi. Sarki Tsamiya (1307-1343) shi ne ya fasa wannan bango da ƙarfin yaƙi. Abin lura shi ne bai hallaka matsafan ba. Ya nemi su gaya masa asirin abin bautarsu, sa'an nan ya naɗa waɗansu manyansu sarautu. Ke nan iko yake nema, ya kuwa samu.

A zamanin Yaji (1349-1385) Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite, aka gina masallaci a gindin itaciyar. Littafin ya ce masu tsafi sukan zo da dare su ƙazantar da masallacin, har aka sa masu gadi. Wannan ya nuna mana rashin haƙurin daga ɓangare biyu ya fito: waɗannan an karɓe musu wurin ibada, waɗancan an wulaƙanta musu nasu. To amma da Zazzau ta kori Kanajeji ɗan Yaji (1390-1410), wurin Sarkin Tsibiri ya koma neman shawara, aka ce ya raya abin da iyayensa suka rushe. Ya raya, ya koma ya ci yaƙin. Har zuwa zamanin Alwali (1781-1807) fadar Kano tana yanka wa Dirki shanu, alhali Dirki Alƙur'ani ne da aka naɗe da fatu. Wajen shekara ɗari huɗu ke nan fada tana riƙe da malamai a hannun dama, matsafa a hannun hagu, tana matsa wa wanda ba ta buƙata a lokacin.

3.0 Asalin Sunan da Hukuncinsa

Akwai labarin baka da ke cewa wani manomi ne mai suna Bama ya musulunta, da aka nemi ya fitar da zakka sai ya koma gidan jiya, aka ce Bama ya guje. Manazarta kuwa, irin su Joseph Greenberg wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, sun fi karkata ga cewa daga kalmar Larabci Majusu aka samo sunan, watau masu bautar wuta na Farisa.

Wannan suna hukunci ne a cikin kalma guda. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (S.A.W.) ya karɓi jiziya daga Majusawan Hajar, ko da yake su ba Yahudu ba ne ba Nasara ba. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, ta faɗaɗa wannan, ta halatta karɓar jiziya har daga masu bautar gumaka. Saboda haka malamin da ya fara kiran manomin Kano Bamajuse ya sa shi ne cikin 'yan amana: ba a kashe shi, ba a bautar da shi, ba a tilasta masa salla. Farashin wannan kariya shi ne jiziya da matsayi na ƙasa. Ba a cin yankansa, ba a auren 'yarsa sai ta musulunta, ba a karɓar shaidarsa a kan Musulmi.

Malaman ma kansu bai zo ɗaya ba game da iyakar wannan amana. Shehu Muhammadu al-Magili, kafin ya iso Kano a zamanin Rumfa (1463-1499), shi ne ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawa a Tamantit ta ƙasar Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, wajen 1492. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, yana ganin alkawarin da ke tsakanin Musulmi da Yahudawan bai warware ba. Dukansu biyu Malikawa ne, littafi ɗaya suka karanta. A Kano kuwa, inda marasa salla suka cika karkara, wasiƙar da al-Magili ya rubuta wa Rumfa ta fi mai da hankali ne ga hana bayyana abin da shari'a ta haramta a kasuwanni da wuraren taruwar jama'a. Wannan tsari ya daɗe: Bamaguje ya yi abin da ya ga dama a ƙauyensa, in ya shigo birni ya kama kansa.

4.0 Jihadi da Zancen Kafirtawa

Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754-1817) su ma sun ɗanɗana zaman 'yan tsiraru. Sarkin Gobir Nafata ya hana kowa wa'azi ban da Shehu, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, ya hana rawani da lulluɓi. A zamanin Yunfa aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana, abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804.

Shehu ya kasa mutanen ƙasar nan kashi uku: Musulmi na gaskiya, da masu gauraya Musulunci da ayyukan kafirci, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. Kaifin jihadi a kan kashi na biyu ya faɗa, musamman sarakunan Haɓe. A nan ne wani abin mamaki ya bayyana. Bamaguje da bai taɓa yin salla ba yana da mafaka a shari'a, amma mai salla da aka yanke wa hukuncin ridda ba shi da ita. Wannan ne ya sa Shehu Muhammadu al-Kanemi na Barno ya rubuto wa Sakkwato yana jayayya, yana nuna cewa saɓo da jahilci ba su mai da Musulmi kafiri, kuma irin bidi'o'in da ake zargin Barno da su ana yin su a manyan ƙasashen Musulmi. Muhammadu Bello ya mai da martani, ya kuma kawo wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812. Adalcinsa ne ya sa hujjar abokin hamayyarsa ta iso gare mu.

Bayan jihadi Maguzawan Kano da Katsina suka ci gaba da zama da nasu shugabannin, suna biyan jiziya, suna dafa giyarsu, suna bukukuwansu. Bori ya sha matsi a birane, amma hanyar da Nana Asma'u (1793-1864) ta bi ta karantarwa ce: ta tura jajis ƙauyuka suna koya wa mata addini da waƙa.

5.0 Waɗanda Amana Ba Ta Rufe Ba

Labarin ya sha bamban ga ƙabilun duwatsun kudancin Zazzau da Bauci da ƙasar Ningi. Waɗansunsu sun ƙulla amana suna ba da gaisuwa duk shekara, wani lokaci gaisuwar ta haɗa da mutane. Sauran kuwa ƙasar yaƙi aka ɗauke su, da rani a kai musu hari a kwaso bayi zuwa rinji da kasuwa. Tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa kafirci ne dalilin bauta, launin fata ba dalili ba ne, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen da ba a bautar da mutanensu. Fatawar ta kare waɗansu, amma tana da wani gefe: sarkin da tattalin arzikinsa ya dogara ga bayi ba shi da riba in maƙwabtansa suka musulunta. Iskokin da mutumin Ningi yake yanka wa ba su fi na Bamagujen Gwarzo muni ba a idon malami. Bambancin shi ne ɗaya yana biyan kuɗi a cikin gida, ɗaya kuwa shi kansa ne kuɗin.

Wani misali shi ne na Isawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado a 1855, wani malami mai suna Ibrahim ya tara almajirai yana fifita matsayin Annabi Isa bisa fahimtarsa ta Alƙur'ani. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka tsire shi a kasuwar Kano. Mabiyansa suka watsu, waɗansu suka nufi Ningi, inda tun kafin haka malaman da suka guje wa Kano tare da Malam Hamza suka haɗa kai da Butawa da Warjawa. Jikokin waɗansu Isawan ne suka je wa Likita Mila a Zariya wajen 1913 suka shiga Kiristanci. A nan ma ɗan gida da ya kauce ya fi shan wuya a kan wanda tun asali yake waje.

6.0 Zamanin Turawa da na Siyasa

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sun yi alkawarin ba za su taɓa addini ba, sun hana harin bayi, sun kuma taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna. Jiziya ta narke cikin harajin da kowa yake biya. Amma mulkin ta hannun sarakuna ya bar Bamaguje ƙarƙashin hakimi da alƙali waɗanda ba ya iya zama ɗayansu, makaranta da asibiti kuwa ba su kai ƙauyensa ba sai can baya. Hukumar Willink ta 1957 zuwa 1958, wadda ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu, ita ta ba da shawarar a rubuta 'yancin addini cikin Tsarin Mulkin 1960.

Daga 1963 zuwa 1965 Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya yi rangadin musuluntarwa a larduna da dama, ana raba tufafi da tasbaha ga sababbin shiga. Masoyansa suna ganin aikin Allah ne da neman haɗa kan Arewa, kuma babu shakka mutane da yawa sun shiga da zuciya ɗaya. Masu suka kuwa suna nuna cewa in mai kira ya zo da motocin gwamnati, hakimi na gefensa, zaɓen 1964 na ƙaratowa, to dagaci ba shi da bakin cewa a'a. Murray Last, wanda ya zauna da Maguzawan Malumfashi bayan wannan lokaci, ya lura cewa abin da ya fi jan su zuwa salla shi ne fatauci da zaman gari, domin mai son a yarda da shi a kasuwa sai ya ci abinci tare da abokan cinikinsa. Daga shekarun 1970 Maguzawa da yawa suka shiga Kiristanci, suka fita daga wani matsayi na 'yan tsiraru suka faɗa wani.

Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini da na sake shi. Sai dai ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba, kuma takardun da ake cikewa a ofisoshi galibi gurbi biyu suke bari, na Musulmi da na Kirista. Da can ana ƙidaya Bamaguje don a karɓi jiziyarsa. Yanzu ba ya biyan ta, ba a kuma lissafa shi.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa tun daga Tsamiya har zuwa Sardauna, matsin da marasa rinjaye suka sha yana tafiya ne tare da buƙatar masu iko, kuma a kowane zamani an sami malami irin al-Asnuni ko al-Kanemi da ya tsaya ya ce a dakata. Mun ga kuma amanar da shari'a ta ba Bamaguje ta tsare ransa da dukiyarsa, amma ba ta tsare mutuncinsa ba, shi ya sa har yau kalmar arne zagi ce a bakin Bahaushe, alhali kakanninmu ne ake zagi. Akwai aiki a gabanmu mu malaman tarihi da na harshe. Duk abin da na kawo a nan daga alƙalamin Musulmi ko na Bature ya fito. Tsofaffin da suka san kirarin Uwar Gona da asalin kan gidansu suna ƙarewa. Ya kamata sassan jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauko bayaninsu da bakinsu, a ji yadda su suka ga sarakunan da muka ambata, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.