Satar kaya a manyan kantunan Amurka: Ƙwado, kyamara da zargin wariyar launin fata

Wanda ya shiga kantin Walgreens ko CVS a tsakiyar birnin New York ko San Francisco a 'yan shekarun nan domin sayen man goge baki, yana iya tarar da shi a kulle cikin akwatin gilashi. Sai ya danna ƙararrawa, ya tsaya jiran ma'aikaci ya zo da makulli. Haka abin yake ga sabulun wanki da reza da madarar jarirai. Kamfanonin sun ce sata ce ta tilasta musu. Su kuwa baƙaƙen fatar ƙasar, ƙorafinsu ya girmi wannan gilashi da shekaru masu yawa: sun ce a duk lokacin da kanti ya tashi neman ɓarawo, su ake fara kallo.

Asalin matsalar yana cikin tsarin cinikin kansa. A da, kantin Amurka tamkar irin wanda muka sani ne a kasuwanninmu: haja tana bayan kanta, mai saye ya faɗi abin da yake so, yaron shago ya miƙo masa. A shekarar 1916 ne Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a garin Memphis na Jihar Tennessee, inda mai saye ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da hannunsa, ya biya a bakin ƙofa. Tsarin ya rage kuɗin ma'aikata, ya kuma ƙara ciniki, domin wanda ya taɓa kaya ya fi saurin saye. Amma hajar da take kusa da hannun mai saye tana kusa da hannun ɓarawo. Tun daga lokacin masu kantuna suke lissafin sata a matsayin wani ɓangare na tsadar sana'ar.

Nawa ake sacewa?

A nan ne alƙaluma suke buƙatar karatu a tsanake. Abin da kantuna ke iya aunawa shi ne giɓin kaya, wato bambancin da ke tsakanin abin da littafi ya ce yana cikin shago da abin da aka tarar ranar ƙidaya. Ƙungiyar 'yan kasuwar kantuna ta Amurka, NRF, ta ƙiyasta wannan giɓi da Dala biliyan 112.1 a shekarar 2022. Adadin yana da ban tsoro, sai dai kashi 1.6 cikin 100 ne na jimillar ciniki, kwatankwacin abin da aka samu a 2019 da 2020. Haka kuma ba duka ne 'yan waje suka ɗauke ba. A rahoton ƙungiyar, satar waje ta ɗauki kimanin kashi 36 cikin 100, satar ma'aikata kashi 29, sannan kurakuran lissafi da na sarrafa kaya kashi 27. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin shago a hannun yara ba zai yi mamakin wannan rabo ba.

A watan Afrilun 2023 ƙungiyar ta wallafa cewa gungun ɓarayi masu tsari ne ke da alhakin kusan rabin giɓin Dala biliyan 94.5 na shekarar 2021. Maganar ta yaɗu a kafafen labarai da bakunan 'yan siyasa. A watan Disambar shekarar ƙungiyar ta janye ta, bayan 'yan jarida sun bi diddigi sun gano ba ta da madogara. Kafin wannan, a Janairun 2023, shugaban sashen kuɗi na Walgreens, James Kehoe, ya shaida wa masu hannun jari cewa mai yiwuwa kamfanin ya wuce gona da iri wajen kukan sata a shekarar da ta gabata, kuma masu gadin hayar da ya ɗauka ba su tsinana abin kirki ba. Wannan kamfani ne ya sanar da rufe rassa biyar a San Francisco a Oktoban 2021, ya ɗora laifin a kan ɓarayi.

Duk da haka satar gaskiya ce, kuma a wasu birane ta ƙaru sosai. Wani nazari da cibiyar Council on Criminal Justice ta yi kan birane 24 ya nuna rahotannin satar kanti sun ƙaru da kashi 64 cikin 100 a New York da kashi 61 a Los Angeles tsakanin tsakiyar 2019 da tsakiyar 2023, alhali a yawancin sauran biranen raguwa aka samu. A 2021 dubban mutane sun kalli bidiyon wani mutum da ya cika leda da kaya a wani reshen Walgreens na San Francisco, ya hau kekensa ya fice ta gaban mai gadi. A Satumbar 2023 kamfanin Target ya sanar da rufe rassa tara a jihohi huɗu saboda sata da barazana ga ma'aikata.

Wani adadi daga New York ya fi sauran bayyana yanayin abin. 'Yan sandan birnin sun ce mutum 327 kacal ne suka ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan kamen satar kanti a 2022. An kama su, an sake kama su, fiye da sau 6,000 a jimilla. Ke nan kaso mai tsoka na ɓarnar aikin mutane ƙalilan ne da aka riga aka sani, yayin da matakan tsaro ke hawa kan kowa.

Matakan da kantuna ke ɗauka

Matakan iri biyu ne. Akwai waɗanda ke tsare kaya: akwatin gilashi mai ƙwado, alamar maganaɗisu da ake maƙala wa tufafi wadda ke tada ƙararrawa a ƙofa, ƙofar shiga ɗaya, duba rasit a wurin fita, da rage injinan da mai saye ke biya da kansa. Kamfanin Dollar General ya cire irin waɗannan injina daga dubban rassansa a 2024. Waɗannan matakai suna da tsadarsu. A Janairun 2025 shugaban Walgreens na lokacin, Tim Wentworth, ya amince cewa kulle kaya yana rage cinikinsu. Mai sayen da ya gaji da jiran makulli yakan fita ya yi odar kayan ta intanet.

Sai kuma matakan da ke sa ido kan mutane: masu gadi, jami'an farin kaya da ke yawo tsakanin layukan haja, kyamarori, da na'urar gane fuska. Dokokin jihohin Amurka sun ba mai kanti damar tsare wanda yake da ƙwaƙƙwaran dalilin zarginsa da sata na ɗan lokaci, har a bincika. Gardamar duka tana kan kalmar nan ta dalili. Ka'idar da masu horar da jami'an tsaron kantuna ke koyarwa ita ce jami'i ya ga mutum ya ɗauki kaya, ya ga ya ɓoye, ya bi shi da ido har ya wuce wurin biya, sannan ya tare shi. Wanda ya tsallake waɗannan matakai, zato kawai ya rage masa, kuma a Amurka zato yana da launi.

Inda wariya take shigowa

A 2013 wani ɗalibi baƙar fata mai shekara 19 ya sayi bel na kimanin Dala 350 a kantin Barneys da ke New York, ya biya da katin bankinsa. Yana fita 'yan sanda suka tare shi, suka tsare shi bisa zargin cewa katin na bogi ne. Katinsa ne na halal. Binciken da ofishin Babban Lauyan Jihar New York ya yi ya gano cewa ana bin sawun baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka a kantin fiye da kima. A Agustan 2014 Barneys ya amince ya biya Dala 525,000. A wannan watan ne kuma Macy's ya amince da biyan Dala 650,000 kan irin wannan ƙorafi a babban reshensa na Herald Square, kuma ba karonsa na farko ba ne, domin ya taɓa yin makamancin wannan sulhu da jihar a 2005.

Shi kansa ƙwadon bai tsira daga zargi ba. A 2018 wata mata a Kalifoniya ta kai Walmart kotu saboda man gashi da kayan kwalliyar baƙaƙen fata suna kulle a gilashi, alhali makamantansu na sauran jama'a suna a buɗe a layi guda. Hujjar kamfanin ita ce alƙaluman asara ne ke nuna abin da za a kulle. Ko da hakan gaskiya ne, abin da mai saye ke gani shi ne an ware kayan jinsinsa an sa musu ƙwado. A watan Yunin 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd, Walmart ya ce ya daina, yana mai cewa a rassa kusan goma sha biyu ne ake yi daga cikin 4,700. Walgreens da CVS suka bi sahu.

An yi tsammanin na'ura za ta kawar da son zuciyar ɗan Adam, sai lamarin Rite Aid ya nuna akasin haka. Daga 2012 zuwa 2020 kamfanin ya yi amfani da na'urar gane fuska a ɗaruruwan rassansa ba tare da sanar da masu saye ba. Ya tara hotunan dubban mutanen da yake zargi, da yawansu hotuna marasa kyau da aka ɗauko daga kyamarar tsaro ko wayar ma'aikaci. Idan na'urar ta ga fuskar da ta yi kama, sai ta aika saƙo wayar ma'aikata, su bi mutum, su bincike shi, ko su kore shi a gaban jama'a. Hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta ce na'urar ta yi kuskure sau dubbai. Cikin misalan da ta kawo akwai yarinya mai shekara 11 da aka tare aka bincika, da wata baƙar fata da aka kira wa 'yan sanda alhali hoton da ke cikin na'urar na wata Baturiya ce. Hukumar ta ce kuskuren ya fi yawa a rassan da ke unguwannin baƙaƙe da 'yan asalin Asiya. A Disambar 2023 ta haramta wa kamfanin amfani da wannan fasaha na tsawon shekara biyar.

Masana ba su yi mamaki ba. Tun a 2019 cibiyar awo da fasaha ta gwamnatin Amurka, NIST, ta gwada manhajojin gane fuska 189, ta gano cewa da yawansu sun fi yin kuskure a kan fuskokin baƙaƙe da 'yan Asiya, wani lokaci ninki goma har zuwa ɗari. Akwai kuma wata matsala da ba ta fasaha ba. Idan baƙaƙe ake yawan sa wa ido, su za a fi kamawa, hotunansu ne za su cika rumbun, sannan a dawo a kafa hujja da rumbun wajen ƙara sa musu ido.

Zargi a kan kaya masu arha ya sha ƙarewa da asarar rai. A watan Maris na 1991 wata mai shago a Los Angeles ta harbe Latasha Harlins, yarinya mai shekara 15, kan kwalbar lemo ta Dala 1.79, alhali kuɗin suna hannun yarinyar. Kotu ta same ta da laifi, amma aka yi mata ɗaurin talala, kuma wannan hukunci na cikin abubuwan da suka rura wutar tarzomar birnin ta 1992. Shi ma George Floyd, kiran da wani shago a Minneapolis ya yi kan takardar Dala 20 da ake zargin jabu ce ya kawo 'yan sandan da ya mutu a hannunsu. A Afrilun 2023 mai gadin wani reshen Walgreens a San Francisco ya harbe Banko Brown, mai shekara 24, bayan kokawa kan zargin sata; ofishin mai gabatar da ƙara ya ce kare kai ne, bai gurfanar da mai gadin ba. Saboda irin wannan ne manyan kamfanoni da dama suka hana ma'aikatansu tare ɓarawo ko binsa, abin da ke bayyana dalilin da ya sa ake ganin masu gadi a tsaye a bidiyon da ke yawo.

Abin da doka ta tanada

A ɓangaren hukunta ɓarayi, muhawarar ta fi zafi a Kalifoniya. A 2014 masu zaɓe sun amince da ƙudirin da ake kira Proposition 47, wanda ya mayar da satar kanti ta ƙasa da Dala 950 ƙaramin laifi. Masu suka sun ce ya ba ɓarayi lasisi, ko da yake a Jihar Texas, wadda ba a san ta da sassauci ba, sai sata ta kai Dala 2,500 take zama babban laifi. A Nuwambar 2024 masu zaɓen Kalifoniya sun amince da Proposition 36 da rinjayen kusan kashi biyu cikin uku, wanda ya ba da damar tuhumar mai maimaita sata da babban laifi komai ƙanƙantar kayan, matuƙar an taɓa samunsa da laifin sata sau biyu. A matakin tarayya kuma, dokar INFORM da ta fara aiki a Yunin 2023 ta nufi kasuwar kayan sata: ta wajabta wa dandalin ciniki na intanet irin su Amazon da eBay su tantance duk dillalin da ya yi ciniki 200 na aƙalla Dala 5,000 a shekara.

Shi kuwa mai sayen da aka wulaƙanta, ɗaya daga cikin madogararsa dokar haƙƙin 'yan ƙasa ce ta 1866, wadda ta ba kowa 'yancin ƙulla ciniki daidai da na farar fata. Sai dai kotunan tarayya da dama sun taƙaita ta: idan an bi mutum an sa masa ido, amma daga ƙarshe ya sayi kayansa, sukan ce ba a hana shi ciniki ba. Shi ya sa lauyoyi suka fi komawa ga dokokin jihohi. A 2022 masu taimaka wa alƙali a Jihar Oregon sun yanke wa Walmart diyyar Dala miliyan 4.4 ga wani baƙar fata da ya shiga sayen ƙwan lantarki na firjinsa, jami'in tsaron kantin ya riƙa leƙensa, ya umarce shi ya fita, sannan ya kira masa 'yan sanda. Da 'yan sandan suka iso, suka saurari ɓangarorin biyu, sun ƙi ɗaukar wani mataki a kansa.